Bangon da Ban Fenta Ba

Akuyar Inna ce ta kai ni Jos. Habu ɗana, daina kumbura ka matso, labarin nan naka ne. Ranar kasuwa ta sayar da ita, ta ƙulle kuɗin a bakin zani, sai a tasha ta kwance ta ba ni. Ni kuma da bakina bai iya shiru ba, na ce, "Inna, in na dawo sai na rufe miki bangon ɗakinki da fenti na gaske." Duk shekara bayan damina takan jiƙa farar ƙasa da 'yar jar ƙasa a ƙwarya, ta tsoma tsumma ta bi bango tana murzawa. Nan haske, can duhu. Wallahi kunyar bangon nan nake ji in abokaina sun shigo gaishe ta.

A unguwar Dutse Uku na sauka, mu huɗu a ɗaki ɗaya. Sanyin garin kuwa ba a magana, alwalar asuba sai na yi shawara da zuciyata. Mai gidan hayar kullum faɗansa ɗaya: "Wa ya wanke buroshi a bakin rijiya?" Ni ne, amma ban taɓa amsawa ba.

Wanda ya ɗauke ni aiki Oga Dung ne, mai fenti, ɗan asalin wurin. Hausarsa ba ruwanta da mace da namiji, matarsa ma "shi" yake ce mata. Amma hannu, tubarkalla. Shi ya koya min rola, bango ya fito sumul, kala ɗaya. Na ce yawwa, abin da na zo nema ke nan.

Muka samu aiki a Naraguta, gidan wata madam mai koyarwa. Oga ya tura ni ɗakunan kwana, shi ya yini a falo. Da yamma na leƙa falon. Bango dabbare-dabbare, fari na leƙowa ta ƙarƙashin ruwan ƙasa, sak ɗakin Inna. Na ce a raina fenti ne ya ƙare, dattijo yana jin nauyin faɗa. Washegari na yi sammako don in rufa masa asiri, na bi falon kaf da farin fenti.

Ya shigo ya tsaya, hular sanyi a hannu.

"Sale! Wane ne ya yi wannan?"

"Ni ne, Oga. Gyara maka na yi."

"Gyara? Kala-wash ne! Madam ya gani a waya, shi ne yana so."

"Kalawas? Oga, a garinmu wannan ai na marasa hali ne."

"A nan na masu kuɗi ne! Madam zai zo gobe, kafaɗa na ya gaji. Idan bango bai dawo ba, ka ɗauki jaka ka koma gida."

Na zauna kan bokiti ina jiran farin ya bushe, ina tuna akuyar Inna. Sati uku kacal, in koma mata hannu Rabbana? Tsoro ya kama ni sosai.

Oga ya tsinka fenti da ruwa, ya miƙo min faffaɗan buroshi. Na gwada, sai layi-layi. Na ajiye shi, na yaga tsohuwar rigata na dunƙule. In tsoma, in matse, in murza a zagaye, kuma ba na tsayawa a tsakiyar bango don kada gefen ya bushe ya bar shaida. Shekara ashirin ina kallon hannun Inna ina raina shi, ashe nawa ya haddace.

Oga ya daɗe yana kallo.

"Wane ya koya maka?"

"Innata."

"Maman ka fenta ne?"

Na sake tsoma tsumman, na ci gaba da murza bangon.

Madam ta zo, ta yi ta ɗaukar hoto. Daga ranar duk aikin kalawas ni Oga ke turawa.

Da damina ta matso na dawo gida da bokitin fenti, saboda alkawari. Na ba Inna labari, na ce a bar bangon yadda yake, a birni kuɗi ake biya a yi shi. Ta yi dariya har da tafi.

"Su da wani ke yi musu. Ni bayana ya gaji, Sale. Fenta min."

Na fenta bango uku. Da na zo na huɗu, na bayan gadonta, na ce fenti ya ƙare. Ta kalli bokitin, yana nan rabi, ta kalle ni. 

Bana shekara shida da rasuwarta, Allah Ya jiƙanta. Zagayen tsummanta na nan a bangon, ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa ɗazu na daka maka tsawa, Habu, da ka jingina kekenka a jikinsa.