Shekara Shida Ina Jiran Kwanje

Jaka uku na bar Tirmini da su. Ku yi dariyarku, ku yaran yanzu, amma a wancan zamanin jaka uku kuɗi ne. Biyu na ragona ne da na kai kasuwar Damagaram. Ɗayar kuwa yayata Gambo ce ta tara da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Ita ta ɗinke su a ƙugun wandona, ta ce, "Habu, ko wanka za ka yi, da wandon nan za ka yi shi."

Gero bai yi ba a shekarar, gyaɗa kuma lanho ya cinye, harajin Nasara ke nan. Kowa Kano yake nufa, ni sai na ji wani yana cewa a Yamai Nasara na biyan mutane wata-wata. Kakarku Zara tana da ciki wata huɗu, cikin fari. Na ce mata rani ɗaya ne, kafin a yi shuka ina gida. Ta ci gaba da ɓarar gyaɗa.

Laminu, matso nan. Kai da ke zancen tafiya, kai ya fi kamata ka ji.

Kwana biyar muka yi a bayan kamyo, babbar motar kaya, bisa buhuna. Da muka isa, na ga kogi, na ga gari, na gaida mutumin farko da na tarar, ya ce mini "Fofo." Na sake gaishe shi, ya sake cewa "Fofo." Nan na san na yi nisa da gida. Akwai Hausawa a kasuwa, ba na ce babu ba, amma lokacin da kasuwar ke ci ni ina wurin aiki, in na tashi sun watse.

Aikin a wani biro na samu, wato ofis, mai gareji a bayansa. Bature ya dube ni sama da ƙasa ya ce "manebur", mu kuma muka ce manaba. Manaba shi ne mai shara, mai shafa farar ƙasa, mai ɗaure famfo in ya zuba, mai hawa rufi in ya yi yoyo, mai ba itatuwa ruwa. Duk abin da ba shi da mai shi, na manaba ne.

Mutane iri uku ne a gidan nan. Akwai komi, masu rubutu, fararen riguna, alƙalami a aljihu. Babbansu Mushe Antuwan, mutumin Dahomai. Ranar farko da na ji ana kiran mutum mai rai da lafiya "mushe", sai da na toshe baki na fita waje. Komi sai rana ta ɗaga suke zuwa, in ta take su tafi gida su ci su kwanta, su dawo bayan azahar, kafin rana ta yi ja sun kama hanya. Albashinsu na wata ne, ko sun yi ciwo yana nan, kuma suna da abin da ake kira kwanje, hutu ne da kuɗinka, ka je garinku ka dawo kujerarka na jiranka.

Sai makanise na gareji. Su da awa ake biyansu, in sun wuce lokaci kuma a ƙara musu wani abu wai shi "sufulmanter". Ni shekara guda ina tsammanin sunan wani magani ne.

Sai mu. Mu na yini ne, dala ashirin da biyar. Ka zo, Mushe Antuwan ya yi maka ɗan zane a takarda. Ba ka zo ba, babu zane, babu kuɗi. Abin da nake samu a wata, na ji an ce bai kai wanda Mushe ke ba mai dafa masa abinci ba. Amma ni ke buɗe gidan bayan sallar asuba in share kafin su iso, ni ke rufe shi bayan magariba. Da rana tsaka kuma, in kowa ya tafi, ni ake bari.

Wannan zaman na tsakar rana shi ne abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Awa uku, ba kowa, kujeru wayam, fanka a kashe tunda an hana mu taɓa ta. Sai agogon bango. In zauna ƙasa in jiƙa garin rogo in sha. Wani lokaci in yi magana da ƙarfi, in ce, "Zara, kawo ruwa," don kawai in ji Hausa a kunnena.

Ɗaki kuwa a gidan wata tsohuwa Bazabarma na kama, Haisa. Hausarta kaɗan ce amma ta faɗa ce. Wata uku da zuwana ta tare ni a ƙofa.

"Kai Hausa, ɗaki nan rana ba mutum."

Na ce, "Iya, ai ina wurin aiki."

"To ni sa mutum. Mai gadi. Shi dare aiki, rana barci. Kai rana aiki, dare barci."

"A ɗakina? Bisa tabarmata?"

"Ɗaki naka? Uba naka ya gina?"

Na yi ta hayaniya, ta yi ta tata, maƙwabta suka fito kallo. Ƙarshe ta rage mini kuɗin haya, na haƙura. Shekara biyu muna ɗaki ɗaya da mutumin nan, ban ga fuskarsa ya fi sau uku ba. In na fita bai iso ba, in na dawo ya tafi. Warin tabarsa kawai na sani. Wata rana na tarar da ɓarin goro a kan matashi. Washegari na bar masa dabino biyu. Haka muka yi ta yi. Ranar da na dawo na ga babu bargonsa, Haisa ta ce ya koma garinsu, wallahi sai da na kasa cin abinci. Ko sunansa ban tabbatar ba.

Damina ta farko ta zo, ban tafi ba. Me zan kai? Takarda ta iso daga gida, wani ɗan lakwal, ɗan makarantar boko, ya rubuta, Mushe Antuwan ya karanta mini a tsaye yana duban agogo. Zara ta sauka, mace. Uwarka ce, Laminu. Kun san ba na faɗin sunanta, 'yar fari ce. Na je gidan waya na aika kuɗin rago, na dawo na ci gaba da shara. Ranar suna ina kan tsani ina shafa farar ƙasa.

A gareji akwai wani Sidibe, Babambare, ya taɓa zama Maraɗi, yana jin Hausa. Shi kaɗai ke kirana da sunana, sauran sai "he, manebur". Shi ya ce mini, "Habu, ka san an yi doka? Awa arba'in ne aiki a sati. Kai nawa kake yi?" Muka lissafa da yatsu a ƙasa, muka wuce saba'in. Ya ce in je in gaya wa Shef, wato Baturen.

Na yi kwana uku ina tara zuciya. Na shiga, na tuɓe takalmi, Mushe Antuwan na fassara.

Na ce, "An ce arba'in ne. Ni nawa sun wuce."

Shef ya yi magana, Mushe ya ce, "Ya ce zaman da kake yi da rana ba aiki ba ne, furezans ne."

"Mene ne furezans?"

"Kana nan kawai."

"To in tafi gida ke nan?"

"A'a, ba ka tafiya."

"To aiki ne?"

"An gaya maka ba aiki ba ne!"

Na ce to a ba ni kwanje, in je in ga 'yata. Shef ya yi dariya, ba ta mugunta ba, irin wadda ake yi wa yaro. Mushe ya ce, "Ɗan yini ba shi da kwanje. In ka tafi, gobe akwai mutum goma a ƙofa. Amma ya ce ka yi haƙuri, za a sa sunanka cikin 'yan wata. Lane furoshen."

Na fita na tambayi Sidibe, ya ce baɗi ke nan. To, na ce, baɗi ba nisa. Baɗi ta zo, aka ce lane furoshen. Ta sake zuwa, lane furoshen. Har sauran manaba suka laƙaba mini sunan, in na shigo su ce ga Lanefuroshen nan.

Za ku ce me ya hana in tattara in dawo. Na sha ɗaure kaya. Amma duk shekarar da na ƙara, sai in ga in na tafi yanzu na zubar da waɗanda suka wuce. Kuma kuɗin da nake aikowa shi ke biyan lanhon gidanmu duka. Ran Lahadi ba aiki, ba zane, ba kuɗi. In wanke kayana in je bakin kogi in zauna ina kallon jirgin fito yana kai mutane yana dawowa. In na ga yarinya a goye in ce ta kai haka yanzu. Daga baya in na ga mai tafiya da ƙafarta in ce a'a, ta kai haka.

Sai aka ce an sami 'yancin kai. An yi kiɗa, an ɗaga tuta, ni na shafe sandar tutar da fenti. Shef ya tafi, aka kawo ɗan ƙasa, yaro ne mai takarda. Komi suka hau kujerun da Nasara suka bari, makanise aka ƙara musu. Mu aka ba mu rigar kaki. Amma yaron nan, Allah ya saka masa, wata rana ya dawo da wuri ya tarar da ni zaune a ƙasa da kwanon gari. Ya tambaye ni da Hausa, Hausar Tasawa, shekarata nawa a gidan. Na ce shida. Ya ce yaushe rabona da gida. Na ce shida. Ya tsaya yana kallona. Kafin wata biyu sunana ya fito cikin 'yan wata, da kwanje na kwana talatin.

Hanya ta ci goma, zuwa da komawa. Saura ashirin.

Na sauka Tirmini da akwatin ƙarfe, da turmin atamfa biyu, da 'yan kunne, da takalmin yara da na saya da ka. Bai shigi yarinyar ba, ta wuce shi tuni. Gida ya cika, ana guɗa, Zara ta rame, tana dariya tana share ido da bakin zane. Aka jawo yarinyar aka ce ga babanki. Ta dube ni, ta dubi kakin, ta fizge ta shige bayan rumbu.

Da la'asar ina zaune a tsakar gida, na ji ta a madafa tana tambayar uwarta a hankali, "Inna, baƙon nan yaushe zai tafi?"

Zara ta ce, "Ke, rufe mini baki."

"To shi ya sa aka yanka kazata?"

Kwana ashirin ina lallashi. In miƙa mata alewa, sai ta sa wani yaro ya karɓo mata. Ƙanena Sale take kira Baba, shi ta sani, shi ya goya ta zuwa wurin likita da ta yi ƙyanda. Ranar da zan koma na ɗauki akwati na fita bakin hanya, Sale na rakiya. Kamyo ya zo ya tsaya. Direba ya ce, "Malam, za ka ko ba za ka ba?" Na ce ya je. Sale ya ce, "Yaya, lafiya?" Na ce ɗauki akwatin mu koma.

An zage ni a garin nan, ba kaɗan ba. Mutum ya jira albashin wata shekara shida, ya ci biyu, ya yar. Da na zauna da yanzu ina karɓar fansho kamar su wane, da ba ku gan ni da ɗakin kara ba. Na koma gona da hannun da ya manta hauya, sai da ya yi kanta sabuwa. Mun sha wuya shekarun da suka biyo, ba zan ɓoye muku ba.

Ita kuwa sai da aka yi girbi ta yarda ta karɓi abu daga hannuna. Ta girma, na aurar da ita, ba ta taɓa saɓa mini ba ko sau ɗaya. Amma Laminu, ka lura da uwarka in ta zo gidan nan. Ƙannenta sukan faɗo mini ɗaki su zauna bakin gado su cinye mini goro. Ita daga bakin ƙofa take durƙusawa, ta gaishe ni da kyau, ta tambayi gajiya, ta tashi. Sannan ta wuce ɗakin Sale, in jiyo dariyarta daga nan.