Gangar Nathaniel Ce Za Ta Shiga Gaba

Abigail: Alo? Baban Jennifer, kana jina?

Matiyu: Yaya Abigail, ina kwana. Ina jinki, sai dai kamar daga cikin rijiya.

Abigail: Bari in fito tsakar gida. Yanzu fa? Kun tashi lafiya?

Matiyu: Lafiya lau, mun gode Ubangiji. Yaya mutanen Iware? Yaya Mama da ƙafa?

Abigail: Da sauƙi, jiya har gonar doya ta taka. Ina Roseline da yara?

Matiyu: Suna nan. Jennifer ce mura ta kama.

Abigail: Wuta ta kama?

Matiyu: Mura, Yaya, mura.

Abigail: Ayya, Allah ya ba ta sauƙi. Yaya unguwar Turaki? Yaya aiki?

Matiyu: Aiki da godiya. Kun dawo lafiya daga taron sulhu?

Abigail: Lafiya. An gama komai. Turawan hedkwata sun sake mana, daga yanzu mu za mu zaɓi bishop ɗinmu, mu riƙe cocinmu da makarantunmu. Waɗanda suka fita daga coci ma za su dawo. Ran Lahadi sujada ɗaya za a yi a babban coci, can wurinku a Jalingo.

Matiyu: Rabaran ya gaya mana. Tun jiya nake koya wa mawaƙan kwaya waƙar shiga.

Abigail: To, dama abin da na kira ke nan. Makirufon nan naka mai doguwar ƙafa, ka ajiye shi a gaba saboda ganga.

Matiyu: Wace ganga?

Abigail: Ta Nathaniel. Shi zai shigo gaba, tunda shi ne... Au, Rabaran bai kai nan ba?

Matiyu: Tunda shi ne me?

Abigail: Shugaban mawaƙa. Na gunduma gaba ɗaya, daga Jalingo har Mutum Biyu.

Matiyu: Maimaita, layin ya yanke.

Abigail: Ka ji ni, Matiyu.

Matiyu: Nathaniel ƙanena? Wanda na riƙe wa yatsa a kan kibod bai iya ba, ya gudu wurin ganga?

Abigail: Shi.

Matiyu: Yaron da ya tsaya a ƙofar coci ya ce mu da muka zauna 'yan amshin shatan Turawa ne. Ya kwashe mini rabin kwaya ya kai gindin mangwaro. Duk shekarun nan ni nake kaɗa wa benci wofi. Da aka kai mu kotu, ni nake barin ofis in je in zauna bayan Rabaran. Shi kuwa yana can yana shan iska, yau ya dawo an miƙa masa kujera.

Abigail: Ba iska ya sha ba, ruwan sama ya sha. Dattawa sun ce kujerar bishop ta fito daga waɗanda suka zauna, to waƙa ta fito daga waɗanda suka fita. Kuma ka san tsofaffin ƙauye, tun da ya fara musu waƙa da Mumuye ba sa fashin sujada.

Matiyu: Ni ban iya Mumuye ba ne? Ba nono ɗaya muka sha ba? An ce mana dokar coci ta hana, na bi doka. Ashe mai biyayya shi ne wawa.

Abigail: Ba wanda ya ce haka. An yabe ka sosai a taron.

Matiyu: Yabo. Ranar jana'izar Baba wa ya yi waƙa a kan akwati? Ni da mutum nawa?

Abigail: Shi ma ya kaɗa wa ubansa, daga bayan katanga, don an hana shi shiga da ganga. Kar ka sa in faɗi wanda ya tsaya a get.

Matiyu: To.

Abigail: Ka saurara. Nathaniel da bakinsa ya ce ba zai karɓa ba sai kana gefensa, a matsayin mataimaki. Ya ce shi kiɗa ya sani, kai ka san yadda ake riƙe mutane.

Matiyu: Mataimaki. In riƙe masa jaka ke nan, yaron da na goya zuwa makarantar Lahadi. Mama ta ji?

Abigail: Ta ji. Har rawa ta yi da ƙafar nan. Ta ba tela yadi, riga iri ɗaya za ku sa.

Matiyu: Ta wa aka fara yankawa?

Abigail: Haba, Matiyu. Kai da furfura a gemu?

Matiyu: Tambaya na yi.

Abigail: Shi ne kusa, shi aka auna. Ji nan, yaran kwaya kai suke kallo. In ba ka zo ba, ba za su zo ba, samarin Nathaniel kuma su ce an raina su. Ka tuna faɗan bakin get. Ɗan Peter har yau ido ɗaya yake gani da shi. Ba na so mu sake ɗaukar yaro a keke zuwa asibiti saboda kujera.

Matiyu: Ba a yi ƙuri'a ba ne? Haka kawai aka naɗa shi?

Abigail: An yi. An kawo sunanka, an kawo nasa, aka ɗaga hannu. Tazarar ba yawa.

Matiyu: Ke kina ciki, a madadin zumuntar mata.

Abigail: Ina ciki.

Matiyu: Wa kika ɗaga wa hannu?

Abigail: Alo? Layin nan ya fara...

Matiyu: Layin lafiyarsa ƙalau, har dakan maƙwabtanki ina ji. Wa kika ɗaga wa, Yaya?

Abigail: Shi.

Matiyu: Na gode.

Abigail: Tsaya in gaya maka dalili. Kai ko ba kujera ba za ka bar coci ba, na san ka. Shi kuwa in aka... Matiyu? Baban Jennifer? Alo?