Ranar da Na Rasa Wanda Zan Kira

Ina gaishe ku, iyayena da 'yan'uwana, cikin sunan Yesu Almasihu.

Sunana Rahila. Wasunku sun san ni da sayar da doya a bakin hanyar Madalla, tun garin nan bai ɗauki sunan Suleja ba. Maigidana ya tafi yaƙin basasa bai dawo ba, ko kabarinsa ban gani ba. Ya bar mini ɗa guda, Yohanna. Shi nake kallo in ci abinci.

Da yaƙi ya ƙare sai annobar amai da gudawa ta shigo. Wata safiya Yohanna ya tashi lafiya, har ya taya ni jera doya. Kafin rana ta take idanunsa sun faɗa. Na goya shi kamar jariri, ƙafafunsa na bugun gwiwoyina, na tsaya ina tare mota. Wata motar katako ta ɗauke mu. Ba mu kai asibiti ba, ya cika a bayana.

Daga nan na daina zuwa sujada. Ba fushi na yi ba, zuciyata ce ta mutu. In na durƙusa sai in rasa wanda zan kira. Uba ya ɗauke, Ɗa bai hana ba, Ruhun da ake ce wa Mai Taimako kuwa ban ji ɗuriyarsa ba. Doyata ta ruɓe a ɗaki. Nakan zauna a ƙofa ina kallon motoci, ina fatan wata ta kauce ta bi ta kaina.

Mama Saratu, tsohuwar da ke shugabantar zumuntar mata, ba ta gaji da zuwa ba. Wata ranar kasuwa ta zo da kunu da Littafi Mai Tsarki. Na ce mata, "Mama, Uban da ya zuba ido nasa Ɗan ya mutu, mutuwar nawa ɗan ce za ta dame shi?"

Ba ta tsawata mini ba. Ta sa tabarau, ta buɗe Matiyu, inda aka yi wa Yesu baftisma a Urdun: Ɗan yana cikin ruwa, Ruhu yana sauka kamar kurciya, Uba yana shaida daga sama cewa wannan ƙaunataccensa ne. Ta tuna mini cewa tun zamanin Musa aka faɗa, Ubangiji ɗaya ne. Sai ta koma Bishara ta Yahaya, inda Yesu ya ce wanda ya gan shi ya ga Uba, da inda ya yi kuka a kabarin Li'azaru.

"'Yata," in ji ta, "idan su ɗaya ne, hawayen nan na wa ne? Ba daga nesa ya tsaya yana kallo ba. Shi ma ya san ɗacin nan."

Na ce duk da haka ba zan iya addu'a ba. Ta nuna mini cikin Romawa cewa in magana ta gagara, Ruhu da kansa yake roƙo dominmu da nishi. Ta riƙe hannuna muka durƙusa a kan tabarma. Ban furta kalma ko ɗaya ba, nishi kawai na yi, har kukan da ya maƙale tun ranar jana'iza ya ɓalle.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ban warke duka ba. Ɗakina har yau shiru yake, akwai safiyar da tashi ke yi mini wuya. Ban kuma gane asirin Allah ɗaya cikin Uku kamar yadda fasto ya gane ba. Amma na daina jiran mota ta kashe ni.

Na gode wa Uba, da Ɗa, da Ruhu Mai Tsarki. Wanda bakinsa ya mutu a cikinku, ya durƙusa hakanan. Ana jin sa. Amin.