Zaman Makokin Dong-uk

HYE-RAN: Alo? Dong-uk?

DONG-UK: Na'am, Yaya. Ina wuni?

HYE-RAN: Lafiya lau. Ka ci abinci?

DONG-UK: Na ci taliya a tasha. Ina cikin jirgin ƙasa, in kin ji na ɗauke to mun shiga cikin dutse ne. Ya garin Mokpo? Ya maigidan?

HYE-RAN: Yana teku, sai ƙarshen wata. Ya matarka? Tarin yarinyar ya yi sauƙi?

DONG-UK: Ta warke, har ta koma makaranta. Ya Umma? Tana shan maganin mantuwar?

HYE-RAN: Tana sha. Kai dai lafiyarka ƙalau ko? Ƙara yin magana in ji.

DONG-UK: In ce me? Yaya, yau kuma wane salo ne wannan? Ke da kika yi wata ba kya ɗaga wayata.

HYE-RAN: Ba komai. Muryarka nake son ji.

DONG-UK: Tsaya. Waƙar me nake ji a bayanki? Rediyo ne?

HYE-RAN: Matan coci ne, suna falo.

DONG-UK: Da rana tsaka? Ai wannan... Yaya, wannan waƙar ce aka yi ranar da muka binne Baba. Wa ya rasu?

HYE-RAN: Kar ka ɗaga murya a cikin mutane.

DONG-UK: Na ce wa ya rasu!

HYE-RAN: Kai.

DONG-UK: Alo? Ban ji ba, layin yana...

HYE-RAN: Ka ji sarai. Kai ne. Zaman makokinka ake yi.

DONG-UK: Haba! Wasan banza ke nan.

HYE-RAN: Ka san furannin ta'aziyya, dogayen nan farare masu ƙafa uku, da ƙyalle a rataye?

DONG-UK: Au, su! An jere min su a ƙofar gidan talabijin tun washegarin muhawarar da na yi kan addini. Ai haka ake wa 'yan majalisa in an ji haushinsu. Har hoto na yi a tsakiyarsu, na ce ban taɓa samun masoya haka ba.

HYE-RAN: To nan ma an kawo. Wani ya baza adireshinka na da, na gidan Umma. Tun daga bakin ƙofa har shagon mai kifi, layi biyu, kowanne da sunanka. Ta fito za ta addu'ar asuba ta tarar da su.

DONG-UK: Ai zagi ne a jikin ƙyallen. "Imanin Dong-uk ya mutu", da ire-irensu. Ba ta karanta ba?

HYE-RAN: Sunanka kawai ta karanta. Maƙwabta suka same ta zaune a ƙasa, takalmi ɗaya a hannu.

DONG-UK: Ke kuma sai kika yi shiru?

HYE-RAN: Na faɗa mata har muryata ta dushe! Ta ce haka muka ɓoye mata ciwon Baba sai da ya zo gargara, ba za mu sake raina mata hankali ba. Na nuna mata kai a talabijin, ta ce ai matattu ma ana nuna su.

DONG-UK: Kai, kai, kai.

HYE-RAN: Ta sa baƙaƙen kaya. Ta ɗauko hotonka na gama jami'a ta ɗaura masa baƙin zare. Da kanta ta dafa miyar naman nan mai yaji ta gidan makoki, tukunya guda, matar da jiya ba ta iya tuna inda gishiri yake.

DONG-UK: Su kuma matan? Su ma mantuwar ce ta kama su? Sun san ina raye!

HYE-RAN: Sun sani.

DONG-UK: Amma suka cire takalma suka zauna suna waƙa.

HYE-RAN: Suna shiga ɗaya bayan ɗaya, su ajiye farin fure gaban hoton, su sunkuyar da kai. Matar fasto ta ce ba ƙarya suke ba. Wai wanda ya tsaya gaban ƙasa duka ya ce babu Ubangiji, ai ya riga ya...

DONG-UK: Ƙarasa mana. Ke ma haka kike gani?

HYE-RAN: Kar ka juyo kaina. Ni na aike ka ka ɗauki labarin Baba ka kai talabijin? Ka ce ya bar asibiti ya hau dutsen addu'a yana azumi har ya ƙare? Ka ce bayan mutuwa ba komai, kamar an kashe fitila? Ni nake shiga kasuwa a garin nan, ba kai ba.

DONG-UK: Ƙarya na yi?

HYE-RAN: Ban ce ƙarya ba ne. Cewa na yi ubanmu ne.

DONG-UK: Ba ni Umma.

HYE-RAN: Dong-uk, ba ka ga idonta ba. Ni tsoro nake ji.

DONG-UK: Ba ni ita! In ta ji muryata ai magana ta ƙare.

HYE-RAN: To. Umma... Umma, zo nan kicin. Waya ce. Riƙe da kyau, ta nan ake ji.

UMMA: Wane ne? In gaisuwa ce, mun gode, Ubangiji ya saka.

DONG-UK: Umma, ni ne. Dong-uk.

UMMA: Wa ka ce?

DONG-UK: Umma? Kina ji na?

UMMA: Autana. Wayyo autana. Na san za ka neme ni. Muryarka can nesa, ga wata iska tana bi ta bayanka. Tafiya kake har yanzu?

DONG-UK: Jirgi ne, Umma, jirgin ƙasa. Ina raye! Ba abin da ya same ni. Mutane ne suka ji haushina suka aiko furanni.

UMMA: Haka babanka yake cewa duk sanda ya zo min. "Ba abin da ya same ni." Halinku ɗaya, ba kwa son a damu. Akwai sanyi? Ban sa maka rigar ciki ba, ba su bar ni na ga jikinka ba.

DONG-UK: Umma, don Allah ki saurare ni...

UMMA: Ka ji, har sunan Allah ka kira. Ni fa ban yi barci ba, ɗana. Ba mutuwarka ce ta hana ni ba, kowa zai tafi. Abin da ka faɗa ne. Na ce in yaron nan ya yi gaskiya fa? Ka fi mu karatu. In haka ne, to babanku ba ya ko'ina. Ni kaɗai nake ta magana da bango.

DONG-UK: Umma...

UMMA: Yanzu ka je ka gani da idonka. Kai ba ka iya ƙarya ba tun kana ƙarami, shi ya sa kake shan duka. Faɗa min labarin babanku. Ka gan shi?

DONG-UK: Umma, ai ni...

UMMA: Alo? Hye-ran, ya tafi! Ya tafi bai faɗa min ba!

DONG-UK: Ina nan. Ina nan, Umma, kar ki yi kuka.

UMMA: Ka gan shi? Har yanzu a rame yake?

DONG-UK: Ya... ya murmure.

UMMA: Yana cin abinci?

DONG-UK: Yana ci.

UMMA: Na gode maka, Ubangiji! Jama'a! Ku daina kuka, Dong-uk ne ya kira! Ya ga babansu, ya ce ya murmure! Ku tashi a zuba miya!

HYE-RAN: Umma, a hankali, wayar... Alo? Kana nan?

DONG-UK: Me suke cewa?

HYE-RAN: Amin suke cewa. Dukkansu. Ba wadda ta kalli 'yar'uwarta.

DONG-UK: Zan sauka a tasha ta gaba in canza jirgi. Kafin magariba ina ƙofar gida. Ta taɓa ni da hannunta, in ga ƙarshen wannan hauka.

HYE-RAN: Kar ka zo.

DONG-UK: Me?

HYE-RAN: Dariya take, Dong-uk. Tun da aka sauko da Baba daga dutsen nan ban ga haƙoranta ba. In ka shigo da ƙafarka, ka ƙwace mata shi ke nan, karo na biyu.

DONG-UK: Uwata ce! Sai yaushe zan ganta?

HYE-RAN: Ta ce in gaya maka ka riƙa kira.

DONG-UK: Yaya, na ce sai yaushe?

HYE-RAN: Ga wasu masu ta'aziyya sun shigo, bari in karɓe su.

DONG-UK: Yaya! Alo? Alo?