Faifan da Ya Fi Ƙyalli

A tashar Birnin Gwari, Gideon mai shagon gem, wato wasannin bidiyo, yana ta latsa waya, kwalin faya-fayai a cinyarsa. Wani dattijo manomi ya leƙo.

"Samari, da wa ake faɗa?"

"'Yan intanet, Baba. Wai faifan gem ɗinsu ya fi irin nawa hoto garau."

"Ya fi?"

"Ina! An dai daina buga nawa ne."

"Na kwalin nan fa?"

"Babu mai saye."

Dattijon ya ɗaga faifai ɗaya a rana. "Lallai yana ƙyalli. Ba ni in rataya a gona, tsuntsaye sun cinye mini dawa."

Gideon ya saita masa kyamarar waya. "Baba, maimaita maganar ƙyallin nan in tura musu. Ban da zancen tsuntsaye."