Kaset Ɗin Kanta ta Uku

Baba: Salamu alaikum. 'Yata, kin gane mai magana?

Malama: Wa alaikumus salam. Lah! Baban laburare? Ina wuni, Baba?

Baba: Lafiya lau. Ya aiki, ya ɗalibanki?

Malama: Alhamdu lillahi. Ya ƙafar taka?

Baba: Da sauƙi. Maigidan fa?

Malama: Yana gaishe ka. Wallahi ina jin kunya, shekara shida ban leƙo ba.

Baba: Ni ne mai jin kunya. Kin tuna lokacin da kike rubutu a kan ungozoma, na ce ki duba kanta ta uku a ɗakin bidiyo da ke saman bene?

Malama: Ita kanta wa?

Baba: Kanta, inda ake jera kaset-kaset! Har na rubuta miki lamba a takarda.

Malama: Oho! Na tuna. Kullum in ce maka gobe, har na gama ban shiga ba. Littattafai sun ishe ni ai.

Baba: To... kakarki ce a ciki.

Malama: Layin na yankewa, Baba. Wa?

Baba: Kakarki, wadda ta raine ki. Wasu masu bincike suka ɗauke ta tana bayanin aikinta na ungozoma, minti arba'in. Ranar da kika nuna min hotonta a jakarki na gane ta.

Malama: Inna lillahi! Inna? Tana magana? Baba, me ya hana ka faɗa min?

Baba: Taurin kaina. Ban taɓa miƙa wa ɗalibi kaset a hannu ba. Lamba nake bayarwa, ya nemo da kansa, don ya iya. Na so ki kunna ki ganta kwatsam, ina daga bakin ƙofa ina kallonki.

Malama: Gobe da sassafe ina hanya!

Baba: Tsaya, 'yata. Ana kwashe kaset-kaset zuwa kwamfuta. Jiya aka zo kan nata. Ashe rufin wajen ya daɗe yana yoyo, fumfuna ta cinye zaren. Ana sakawa ya tsinke.

Malama: Babu wani?

Baba: Na duba ko'ina. Shi kaɗai ne. Ki yafe min.

Malama: Ni na ƙi hawa bene ɗaya, Baba. Bene ɗaya! Kai dai ka kalla?

Baba: Sau uku. Tana zaune a kan tabarma, tana yi wa mai ɗaukar tsiya wai hannunsa na rawa.

Malama: Ita ce! Haka take. Baba, fuskarta ina da ita, muryar ce ta ɓace min. Don Allah kwaikwaya min.

Baba: Ni, da wannan muryar tawa?

Malama: Ko yaya ne.

Baba: To bari in gwada. Ta gyara zama, sai ta ce, "Kai yaro..."

Malama: Ina ji, Baba. Baba? Baba! Wayyo, layin ya yanke!