Ranar da Na Faɗi a Bakin Kwatar Nima da Rigar Coci a Jikina

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya tsayar da ni a kan ƙafafuna yau. Sunana Bulus, ni ne mai lodin kaya a tashar Tudu. Yawancinku kun san ni, kun kuma ji shaidata ta farko. Wannan ta biyu ta fi waccan wuyar faɗi.

Shekara shida ke nan da likita ya ce ina da ciwon suga. Allura safe da yamma. Ni da nake ɗaga buhun masara ni kaɗai, sai ga ni ina leƙa kwanon abinci kamar ɓarawo. Na tsani allurar nan, na tsani kaina. Likita ya ce in riƙa motsa jiki, sai na fara gudu da sassafe daga Maamobi zuwa Kokomlemle. Gudu ya karɓe ni, jikina ya yi sauƙi.

Nan Shaiɗan ya same ni. Wata Lahadi aka yi mini addu'a, na ji daɗin jikina, na tashi a nan inda nake tsaye na ce na warke, na yar da allura. Kuka yi guɗa, kuka yi rawa. Kwana huɗu kawai na yi, ƙishirwa da fitsari suka dawo, idona ya fara hazo. Na koma wa allura a ɓoye. Matata Asibi kaɗai ta sani.

Da cocinmu ya shirya gudun taimako don a saya wa masu suga na unguwa firjin ajiye allura da na'urar gwaji, wa za a sa gaba? Fasto ya ce, "Bulus da Ubangiji ya warkar, shi zai ja mu." Har sunana aka buga a bayan riga. Direbobin Tudu da matan kasuwar Makola suka yi alkawarin ba da gudummawa in na kai bakin teku na dawo. Ta ina zan fara cewa ƙarya na yi?

Ranar Asabar ɗin gudun na yi allurata a gida, da niyyar in sha koko a harabar coci. Ina isa na tarar dattawa sun yanke cewa kowa ya yi azumi, sai an dawo a karya tare. Asibi ta jawo ni gefe, ta tura mini alawa a hannu.

"Maigida, ka yi allura fa. Ka ci wani abu, don Allah."

Na duba, ido ɗari a kaina. Na mayar mata da alawar na ce ta daina kunyata ni.

Zuwa teku lafiya lau. A dawowa ne, muna hawan titin Nima, na yi wa kowa nisa. Sai gumi mai sanyi ya rufe ni. Motoci suka zama bibbiyu. Na yi tangaɗi na buge teburin mai lemo, na zube a bakin kwata.

Ina jin komai, 'yan'uwa, amma harshena ya ƙi motsi. Mutane suka taru. Wani ya ce, "Kai, ɗan coci ya sha giyar akpeteshi da safen nan!" Aka yi dariya. Wani ya ce farfaɗiya ce, kar a taɓa. Ina so in ce suga ne, ba hali. Ko da a ce 'yan cocinmu sun iso, me za su yi? Ni da bakina na ce musu na warke.

Ban taɓa jin rashin ƙarfi irin na ranar ba. A zuciyata na ce, Yesu, na yi ƙarya da sunanka. Ba ni da abin da zan kawo maka. Kada ka bar ni in mutu da ƙaryar nan.

Sai na ji hannu a goshina. Wata Hajiya ce mai sayar da koko da ƙosai a wurin.

"Ku matsa! Wannan ba giya ba ne. Haka mijina yake yi. Ku kawo sikirin koko, maza!"

Ta ɗora kaina a cinyarta, tana shafa mini sukari a cikin kumatu da yatsa, tana salati. A hankali duniya ta dawo ɗaya. Ta tare tasi da kanta aka kai ni asibiti. Haleluya!

Ban ƙarasa gudun ba. Waɗansu suka ƙarasa.

Ina kwance a asibiti sai ga Mama Lariba, tsohuwar nan da ke zama a bencin gaba. Ta riƙe hannuna tana kuka. Na zaci tausayina take ji. Ta ce, "Ɗana, tun ranar da ka ce ka warke na ajiye maganin sugana. Na ce bangaskiyarka ba ta fi tawa ba." Na dubi ƙafarta a naɗe da bandeji. Ta ce likita ya ce yatsu biyu ba za su tsira ba.

 

Don haka ga gaskiya: ban warke ba. Da safen nan na yi allura, da yamma zan sake. Ina gode wa Allah da ya fisshe ni daga bakin mutuwa, ya kuma ba ni bakin faɗar wannan. Ku dogara gare shi, shi mai aminci ne ko da jikinmu bai canja ba. In akwai wanda ya ajiye maganinsa saboda ni, na roƙe ka cikin sunan Yesu, ka koma ka ɗauka yau. Mama Lariba, ki gafarta mini. Amin.